Baƙon Da Ya Kori Mai Gida

Mutanen da suka ce tafiya mabuɗin ilmi ce ba su yi ƙarya ba. Amma fa sun faɗi haka ne a zamanin da matafiyi yakan sauka gidan fatoma, ya kwana bakwai ko goma, ya ci tuwon garin, ya sha ruwan rijiyarsu, ya zauna da dattawan unguwa da dare ya ji yadda aka kafa garin da yaƙe-yaƙen da aka yi a kansa. In ya koma gida ya koma da abin faɗi. Yau kuwa an sami wata irin tafiya da ake kira yawon buɗe ido. Mutum ya biya kuɗi masu yawa, ya ƙetare teku, ya kewaye birni guda cikin awa huɗu, ya komo bai san sunan ko mutum ɗaya na garin ba. Da a ce asarar ta tsaya kan mai tafiyar kaɗai, da sai a ce kuɗinsa ne, ya watsar yadda ya ga dama. To, ba nan ta tsaya ba. Irin wannan tafiya tana cin garin da aka je kallo, har ta kori masu shi. Wanda ke shakkar wannan magana ya dubi abin da ya sami wata unguwa a birnin Lisbon.

Unguwar Shiyado

Lisbon ita ce babban birnin ƙasar Fotugal, can ƙarshen Turai ta yamma, a bakin Kogin Tejo, dab da inda yake zuba cikin teku. Bisa tuddai aka gina ta, saboda haka hanyoyinta hawa ne da gangara. A tsakiyar birnin akwai wani kwari shimfiɗaɗɗe da ake kira Baisha, inda ciniki ya fi ƙarfi. Yamma da shi akwai tudu mai wata tsohuwar unguwa, Bairo Alto. Tsakanin waɗannan biyu, a kan hawan, nan unguwar Shiyado take, su kuwa mutanen ƙasar suna rubuta sunan Chiado.

Unguwa ce mai kyan gaske. Benaye ne jere, hawa huɗu, hawa biyar, tagoginsu da shingen ƙarfe mai ado. An daɓe gefen hanyoyinta da ƙananan duwatsu farare da baƙaƙe, waɗanda magina ke fasawa da guduma su jera da hannu ɗaya bayan ɗaya. A babbar hanyarta, wadda ake kira Garrett, akwai kantin littattafai na Bertrand. An fara shi tun 1732, ya koma wannan hanya a 1773, a 2011 kuma aka shaida cewa duk duniya babu kantin littattafai mai ci da ya girme shi. Akwai gidan wasa da waƙa na São Carlos da aka buɗe a 1793. Akwai gidan shan gahawa da ake kira A Brasileira, watau Ta Birazil, tun 1905. Akwai ɗan kantin safar hannu na 1925, wanda saboda ƙanƙantarsa da ƙyar mutum biyu ke tsayawa ciki. Akwai kuma hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 45, da aka gama a 1902, mai ɗaki a ciki wanda inji ke ja sama, don a hutar da mutanen Baisha wahalar hawan tudu. Fiye da shekara ɗari nan ne matattarar mawaƙa da 'yan jarida da masu gardamar siyasa na ƙasar.

Ba wanda zai ga unguwar nan ya ce ba ta isa a je kallonta ba. Gardamar tana kan yadda ake kallon, da kuma abin da kallon ya jawo.

Yadda Baƙi Ke Kallo

Ga yadda da yawa daga cikinsu ke yi. Jirgin ruwa mai ɗaukar dubban mutane ya tsaya bakin kogi da hantsi, a tashar da aka buɗe domin irinsa a 2017. Mutane su fito kamar fari. A kasa su garke-garke, ko wane garke da jagoransa riƙe da 'yar tuta a sama don kada wani ya ɓace. Waɗansu a ɗura su cikin kekuna masu ƙafa uku irin na adaidaita-sahu. Waɗansu su cika 'yan taragun lantarki masu ruwan ɗorawa, tun ba mai lamba 28 ba, har mai zuwa wurin aiki ya rasa inda zai sa ƙafa. A iso Shiyado, jagora ya nuna nan ya nuna can, a ɗaga wayoyi a ɗauki hoto, a sayi ɗan tsaraba, a wuce. Kafin la'asar sakaliya an koma jirgi, gobe kuma sai wani birni.

A ƙofar gidan gahawan nan akwai mutum-mutumi na tagulla da aka kafa a 1988, an yi shi zaune bakin tebur da hula a kansa, an bar kujera guda a gefensa. Wannan kujera ba ta sanyi. Wannan ya zauna ya dafa kafaɗar tagulla a ɗauke shi hoto, ya tashi, wancan ya zauna. Da za a tsai da su a tambaye su ko wane ne wannan da suke dafawa, da an ji abin kunya.

Sunansa Fernando Pessoa. An haife shi a 1888 a wani gida da ke fuskantar gidan wasan São Carlos, tafiyar 'yan mintoci daga kujerar. Ubansa ya rasu yana ɗan shekara biyar, ya girma a Durban ta Afirka ta Kudu wajen mijin uwarsa, ya komo Lisbon a 1905. Aikin akawu ya ci abinci da shi, yana rubuta wa 'yan kasuwa wasiƙun ciniki da Ingilishi da Faransanci. Ya yi shekaru yana ƙaura daga wannan ɗakin haya zuwa wancan. Littafi ɗaya tak ya buga da harshensu yana da rai, a 1934, ya rasu a 1935 yana da shekara 47. Bayan mutuwarsa aka buɗe akwatinsa aka tarar da takardu fiye da 25,000, daga cikinsu ne aka gane ƙasar ta yi babban mawaƙi ba ta sani ba. To, mai karatu ya auna. Mutum mai samu irin na akawu, da yau ne, ina zai sami ɗakin da zai iya biya a unguwar da aka haife shi? An ajiye wa gunkinsa wuri kyauta a bakin hanya, irinsa masu rai kuwa an tura su bayan gari.

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Maganin makantarsa kuwa tambaya, gama matambayi ba ya ɓata. Amma wanda aka ba awa huɗu ba shi da lokacin tambaya, bango kaɗai yake so mai kyau wanda zai tsaya gabansa. Kasuwa kuwa abin da mai saye ke nema shi take kawowa. In bango ake nema, sai a gyara bango a shafe shi da fenti, a yar da abin da ke bayansa, watau labari da mutane. Wannan shi ne tushen ɓarnar.

Abin Da Bangayen Suka Gani

A saman unguwar akwai wata majami'a da ake kira Karmo, wadda sarkin yaƙin Fotugal, Nuno Álvares Pereira, ya sa harsashinta a 1389. Ginshiƙanta da bakunan gininta suna tsaye, amma ba rufi, wanda ya shiga ya ɗaga kai sai ya ga sararin sama. Baƙo yakan ce kai, wannan wuri ya yi kyan hoto. Ga abin da ya cire rufin.

Ran Asabar, 1 ga Nuwamba 1755, ranar wani babban idi na Kirista, da hantsi, majami'u cike da jama'a, sai ƙasa ta yi girgiza. Gine-gine suka rufta kan mutane. Waɗanda suka tsira suka gudu bakin kogi inda ke da fili, can an jima ruwa ya ja da baya, sa'an nan ya komo kamar tudu ya kwashe su. Kyandirori da murahu suka ta da gobara wadda ta yi kwanaki tana ci. Dubun dubatar mutane suka hallaka, tsakiyar birnin ta zama toka.

Wazirin Sarki José na Ɗaya, wanda daga baya aka sani da sarautar Pombal, shi ya ɗauki aikin gyara. Mutum ne mai taurin zuciya, ya zub da jinin abokan gabansa ba tausayi, ba wanda zai ce waliyyi ne. Amma ya gane abu guda. Ya sa soja suka tare hanyoyi don kada majiya ƙarfi su watse su bar birnin. Ya hana 'yan kasuwa tsawwala kuɗin abinci. Kafin shekarar ta ƙare aka yi doka ta hana masu gidajen da suka rage tsaye ƙara kuɗin haya. Sa'an nan aka sake zana Baisha da miƙaƙƙun hanyoyi, aka riƙa kafa ƙirar katako cikin bangaye kamar keji, don in ƙasa ta sake motsi ginin ya yi lilo kada ya faɗi. Mai karatu ya lura da jerin aikin: sai da aka riƙe mutane tukuna aka shiga gini.

A dandalin da ke ƙofar majami'ar nan kuma akwai barikin 'yan sanda. Nan aka yi abin da ya taɓa har Afirka. Tun 1926 Fotugal take ƙarƙashin mulkin danniya. Salazar ya riƙe ta daga 1932 zuwa 1968, Marcelo Caetano ya gaje shi. Sa'ad da Ingila da Faransa suka saki ƙasashen da suke mulka, su suka ƙi, suka yi ta tura samarinsu yaƙi a Angola tun 1961, da Gini Bisau tun 1963, da Mozambik tun 1964. Da ƙananan hafsoshi suka gaji da yaƙin da ba shi da ƙarshe, sai suka tashi ran 25 ga Afrilu 1974. Caetano ya fake a barikin Karmo. Wani kyaftin ɗan shekara 29, Salgueiro Maia, wanda shi kansa ya yi yaƙi a Mozambik da Gini, ya kewaye barikin da motoci masu sulke, jama'a suka cika dandalin har bisa itatuwa. Kafin dare Caetano ya sallama. Kafin ƙarshen 1975 ƙasashen nan uku duk sun sami mulkin kansu.

Ba a tashi ranar ba jini ba. A hanyar António Maria Cardoso, cikin Shiyado ɗin nan, nan ne babban ofishin 'yan sandan ciki, waɗanda aka fi sani da PIDE, inda aka yi shekaru ana gana wa mutane azaba, ana hana su barci kwana da kwanaki don su tona asirin 'yan'uwansu. Da yammacin ranar jama'a suka taru ƙofar gidan, na ciki suka buɗe wuta ta tagogi, suka kashe mutum huɗu. Me aka yi da wannan gida daga baya? An mai da shi gidajen kwana na masu kuɗi, aka bar ɗan allo a bango mai sunayen mamatan. Gaskiya ne a 2015 an buɗe gidan tarihi na waɗanda suka yi tsayayya da mulkin a tsohon kurkukun Aljube, a wata unguwa dabam, wannan kuwa abin yabo ne. Amma ɗakunan da aka yi azabar, da yake suna Shiyado inda ƙasa ke da tsada, kuɗi ya rinjaye su.

Masifa ta biyu ta faɗa wa unguwar ran 25 ga Agusta 1988. Kafin gari ya waye wuta ta tashi a babban kantin Grandella da ke hanyar Karmo. Motocin kashe gobara suka iso suka tarar an jera kujeru da manyan tukwanen furanni na siminti a tsakiyar hanya don ƙawa, suka kasa kutsawa da wuri. Benaye 18 suka ƙone, mutum biyu suka mutu, kimanin mutum 2,000 suka rasa aikinsu. Ko wannan kaɗai ya isa wa'azi ga mai fifita ado bisa amfani. Aka ba wani gwanin zanen gini, Álvaro Siza Vieira, aikin gyara. Ya ƙi rushe fuskokin benayen, ya sa aka gina sababbi a bayansu, ya buɗe 'yan hanyoyi ta cikin tsakar gidaje, ya kuma tsara cewa saman benayen ya zama wurin zaman mutane. Aikin ya ci fiye da shekara goma. Shi ma ya gane unguwar da ba a kwana cikinta kasuwa ce kawai.

Inda Dukiyar Ta Fito

Akwai kuma tambayar da jagoran mai 'yar tuta ba ya son a yi masa: da kuɗin wa aka yi wannan ado duka? 'Yar tafiya kaɗan arewa da Dandalin Shiyado akwai majami'ar São Roque, wadda girgizar ƙasa ta bari tsaye. A cikinta akwai wani ɗan ɗakin ibada da Sarki João na Biyar ya sa aka ƙera masa a birnin Roma da zinariya da duwatsu masu daraja, aka kwance shi gunduwa-gunduwa, aka kawo shi cikin jiragen ruwa a 1747, aka sake haɗawa. Zinariyar sarkin daga Birazil take, inda doka ta ba shi humusin duk abin da aka haƙo. Masu haƙar kuwa bayi ne baƙar fata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tun 1444 aka yi kasafin bayi 235 da aka kamo daga gaɓar Afirka, a wani gari na kudancin Fotugal mai suna Lagos. Wata ƙidaya ta 1551 ta nuna kusan mutum ɗaya cikin goma na mazauna Lisbon bawa ne. A 1515 Sarki Manuel ya ba da umurni a haƙa rami mai zurfi a riƙa jefa gawawwakin bayi ana zuba musu farar ƙasa mai ci, domin a lokacin a kan juji ake yar da su karnuka na ci, a gefen hanyar da ta fita daga Ƙofar Santa Katarina. Ƙofar nan kuwa tana daidai inda Dandalin Shiyado yake. Yamma da nan akwai hanyar da ake kira Poço dos Negros, watau Rijiyar Baƙaƙe, taragon nan mai lamba 28 kuwa ta wannan shiyya yake bi cike da masu ɗaukar hoto.

Jiragen Fotugal da na Birazil sun ƙetarar da bayi fiye da miliyan 5, watau kusan rabin dukan waɗanda aka kai ƙasashen Amurka ta teku. A cikinsu har da Hausawa. A Bahiya ta Birazil, tun tana hannun Sarkin Fotugal, an tona shirin tawayen bayi Hausawa a 1807, suka kuma tashi da makamai a 1809 da 1814. Saboda haka Bahaushen da ya tsaya gaban wannan zinariya yana da hakkin ya yi tambaya fiye da kowa. A 2017 mutanen Lisbon suka jefa ƙuri'a a kafa abin tunawa da bayin a bakin kogi, shekara biyar suka wuce ba a aza ko dutse ɗaya ba. Da baƙi miliyoyi suna tambayar inda yake, da tuni an gina shi, domin abin da baƙo ke tambaya ba ya jinkiri a Lisbon.

Masifa Ta Uku

Girgizar ƙasa ta zo da ƙara, gobara ta zo da hayaƙi. Ta ukun ta zo shiru, da takarda da sa hannu. A 2012 Gwamnati ta sake dokar haya, ta sauƙaƙa wa masu gidaje ƙara kuɗi da sallamar tsofaffin 'yan haya. A shekarar nan kuma aka ce duk baƙon da ya sayi gida na yuro 500,000 za a ba shi takardar izinin zama a ƙasar. A 2014 aka sauƙaƙa mai da gidan zama masaukin baƙi na kwana biyu ko uku. Mai gida ya yi lissafi, ya ga abin da ɗan haya ke biya a wata baƙi za su biya a 'yan kwanaki. Sauran labarin ba sai an faɗa ba.

Ƙidayar jama'a ta nuna sakamakon. Shiyado ta faɗa cikin gundumomi biyu, Santa Maria Maior da Misericórdia. Tsakanin ƙidayar 2011 da ta 2021 ko wacce cikinsu ta rasa fiye da mutum ɗaya cikin biyar na mazaunanta, alhali birnin duka bai rasa ko biyu cikin ɗari ba. Ba yaƙi, ba girgizar ƙasa. A 2024 mafi ƙanƙantar albashi a ƙasar yuro 820 ne a wata, hayar gida mai ɗakin kwana ɗaya a tsakiyar Lisbon kuwa ta fi haka. In mazauna suka tashi, sai mai gyaran takalma da mai sayar da zare da allura su bi su, don ba mai saye. Kantin littattafai na Ferin, wanda aka buɗe a unguwar tun 1840, ya tsallake gobarar 1988, amma ya rufe a ƙarshen 2023.

Abin Da Masu Kāre Abin Ke Cewa

Ba daidai ba ne a yanke hukunci ba a ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba. Suna da hujja uku.

Ta farko, sun ce baƙi ne suka ceci ƙasar. A 2011 Fotugal ta rasa yadda za ta biya bashinta, har ta karɓi rancen yuro biliyan 78 bisa sharuɗɗa masu tsanani. A 2013 kimanin mutum ɗaya cikin shida na masu iya aiki ba shi da aiki, samari suka yi ta fita ƙasashen waje. Kuɗin baƙi ya buɗe ayyuka, wannan gaskiya ne, wanda ya musa ya yi son kai. Amma a duba irin aikin. Yawancinsa ɗaukar faranti ne da gyaran gado da tuƙa keke, albashinsa kuwa bai isa mai yinsa ya kwana a unguwar da yake yi wa hidima ba. Yakan tashi da asuba daga hayin kogi ya zo ya share ɗakin da wataƙila a cikinsa aka yi goyon uwarsa. Wanda ya sayar da gonarsa ya koma ƙodago a cikinta ya sami aiki, amma ba a ce ya yi riba ba.

Ta biyu, sun ce kafin baƙi su zo benayen suna ruɓewa ne, mutane kuwa sun daɗe suna barin birnin. Wannan ma akwai gaskiya ciki. Tun 1948 aka daskarar da kuɗin haya a Lisbon, aka bar shi haka shekaru da yawa, har abin da mai gida ke karɓa bai isa ya toshe yoyon rufi ba. Birnin da ke da mutum wajen 800,000 a 1981 ya koma wajen 545,000 a 2021. Dokar da Pombal ya yi don ranar masifa, in aka mai da ita ta kullum, ita ma cuta ce. Amma in ɗaki yana yoyo, gyaransa a yi masa yaɓe mai shi ya ci gaba da kwana. Wanda ya gyara ɗaki sa'an nan ya fitar da tsohuwar da ke ciki ya sa baƙo, ɗakinsa ya gyara, tsohuwar ba abin da ya yi mata sai kora. Tsakanin haya daskararriya da haya marar linzami akwai hanya, an kuwa tsallake ta da gangan domin kuɗin yana wancan gefe.

Ta uku, sun ce baƙo ba shi da laifi, shi dai ya biya abin da aka ce ya biya. Lalle babban laifi na masu yin doka ne, su da aka ba amanar gari. Su ma sun gane, gama a 2015 hukumar birni ta fara rajistar tsofaffin kantuna don ta kāre su, daga 2018 ta fara hana sababbin masaukan baƙi a waɗansu tsofaffin unguwanni, a 2023 kuma, shekarar da dubban mutane suka fita tituna suna kukan rashin gida, aka soke ba da izinin zama don sayen gida. Harajin kwanan baƙo ya tashi daga yuro 1 a 2016 zuwa yuro 2 a 2019, zuwa yuro 4 a 2024. Yawancin wannan ihu ne bayan hari, domin wanda ya riga ya kwashe kayansa ba ya komowa. Amma wannan bai wanke baƙo ba. Mai sayen kayan da ya san an ƙwace daga hannun wani ba ya cewa shi dai ciniki ya yi. In kuwa ya ce bai sani ba, to, ga shi an komo kan maganar farko: bai sani ba ne don bai tambaya ba.

Ladabin Baƙunci

Ba ana cewa kowa ya zauna gida ba ne. Gani ya kori ji, wanda ya sami hali ya je ya ga Shiyado. Amma baƙunci yana da ladabi, a ko wace ƙasa kuwa iri ɗaya ne. Mai niyyar zuwa ya karanta labarin wurin tun yana gida, ga amfanin iya karatu ke nan. Ya rage yawan garuruwan da zai zaga, ya ƙara yawan kwanakin da zai yi a guda. Ya sauka a masaukin da aka gina don baƙi, kada ya nemi gidan da aka fitar da iyali don a ba shi. Ya taka da ƙafa, ya bar wa ma'aikata taragonsu a lokacin fita aiki da tashi. In zai sayi tsaraba ya shiga kantin da ya tarar da kakannin masu garin, ya gai da mai kanti da harshensa ko da kalma biyu ce. In jagora ya nuna masa zinariya, ya tambayi wanda ya haƙo ta.

Hukuma kuma, ta Lisbon ko ta ko wane tsohon gari da baƙi suka fara sha'awa, ta ƙidaya gidajenta tun da sauran mutane a ciki, ta yanke iyakar waɗanda za a ba baƙi a ko wace hanya, ta mai da harajin baƙi kan gidajen da talaka zai iya haya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Baƙo raɓa ne, da rana ta ɗaga ya tafi. Ran da wani birni ya fi Lisbon arha ko ya fi ta shiga baki, jiragen za su juya can, kamar yadda suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya a 2020 sa'ad da annoba ta rufe hanyoyi, aka wayi gari hanyar Garrett ba kowa, gidajen baƙi a kulle, masu unguwar kuwa suna can nesa inda aka tura su.

Wanda ya isa Shiyado, bayan ya gama da majami'ar da ba rufi, ya yi wani ɗan aiki da ba ya cikin takardar jagora. Ya ratse daga babbar hanya ya shiga lunguna wajen Bairo Alto. Al'adar matan Lisbon ce su yi shanya a igiya ta bakin taga. Ya ɗaga kai ya ƙidaya tagogin da ke da shanya. Sa'an nan ya sunkuyar da kai ya ƙidaya ƙofofin da aka maƙala wa 'yan akwatunan ƙarfe masu lambobi, inda ake ajiye wa baƙo mabuɗi don ya shiga ba tare da ya ga fuskar kowa ba. In ya gama ya gwada lissafin biyu, ya kuma tambayi kansa a wanne ciki kwanansa na daren jiya ya faɗa.